Makullin Injin Ata Ashite

Bangon da ya raba ɗakin Ajele da na maƙwabcinta Ata Ashite bai kai rufi ba. Akwai tazarar tafin hannu a sama, inda hayaƙin girkin wannan ɗaki ke gaisawa da na wancan. Ta nan rigimar ta shigo mata ranar Lahadi da hantsi, tana zaune a bakin gado tana ɗaura ɗankwalin zuwa coci.

"Sau uku na kira ka! Sau uku!" Muryar Tsotso ce, matar Ashite. "Ina tsaye a bayanka kamar inuwarka, kai kuwa sai goge takalmi kake yi."

"Tunani nake yi."

"Tunanin me? Jiya ma tukunya ta suɓuce mini, karen layin can sai da ya zabura, kai ko gezau."

"To ki rage murya mana."

"In rage murya? Ka ji da me? Ashite, kunnen nan ya tafi. Na dama ya daɗe a kabari, na hagu yana kan hanya. Ka je ka gaya wa shugabar ƙungiya Awo Korkor da bakinka tun injin nan bai cinye maka hannu ba. Ni dai ba zan yi jinyar mai dungu ba, na gaya maka."

Sai ƙarar buroshi a kan takalmi. Can Ashite ya ce, "Ranar da maganar nan ta fita daga ɗakin nan, ki nemi wanda zai riƙa cin tuwon dokununki."

"Ji shi! Sai ka ce ana rububin ciyar da kai."

Ajele ta kwance ɗankwalin da ta riga ta ɗaura, ta sake ɗaura shi. A coci ranar, in da za a tsare ta a tambaye ta a kan me aka yi wa'azi, da ta ji kunya.

Shekarun Ata Ashite sittin da uku. A bakin ruwan Tema aka haife shi, ya shiga kwalekwale yana ɗan shekara goma sha ɗaya, aikinsa kwalfe ruwa. Da ya yi ƙwari aka mayar da shi gindin inji, nan ya zauna shekara talatin da ɗoriya, kunnen dama a jikin ƙarfe mai ruri tun daga fita har dawowa. Ya bi kifi har Lome da Abijan. Abu ɗaya aka san shi da shi: inji ya yi tari daga nesa, zai ce maka fulogi ne, ko ruwa ne ya shiga mai, kuma in an buɗe haka za a tarar. Shekara shida da suka wuce ya bar teku, ya ce baya ne ya matsa masa. Kowa ya yarda, don wane masunci ne teku ba ta ci bayansa ba? Sai a kan bencin coci Ajele ta tuna ba ta taɓa ganin ya dafa ƙugu ba. Ta kuma tuna a makon da ya sauka an yi ta zancen wani taru da farfela ta yayyanka, wai an yi ta ihu a kashe inji ba a kashe ba.

Masunci in ya sauka daga ruwa, wurin zamansa ɗaya ne, rumfar tsofaffi. A can ake ɗinkin tarun wasu, a buga dara, a jira kwanon abinci daga wurin mata. Ashite ya yi shekara huɗu a rumfar. Ba ya dara, ba ya sha, ba ya musu a kan ƙwallo. Ya dai zauna yana fuskantar ruwa har wandonsa ya koma buƙatar igiya.

Farin soso ne ya fitar da shi daga can. Kifi a ƙanƙara yake zuwa kasuwa, ƙanƙara kuma a akwatin farin soso. Akwati ya yi wata biyu sai ya tsage, a jefar. Abin ba ya ruɓewa, akuya ba ta cin sa, in an ƙona shi baƙin hayaƙi ya hana unguwa numfashi, in an bar shi damina ta kwashe shi ta cusa a kwata, ruwa ya shiga shaguna. Masu kwasar shara ba sa son sa, don zai cika mota fal alhali bai kai nauyin buhun gari biyu ba. Da abin ya ishi ƙungiyar mata masu sayar da kifi, suka haɗa kai da majalisar gari aka samo injin matsa, aka kafa shi a wata rumfar kwano bayan kasuwa. Yana da baki a sama inda ake zuba soson, da haƙora masu farfasa shi, sannan wani murɗaɗɗen ƙarfe irin na injin markaɗe ya tura shi ya danne, ya fito ta ɗaya gefen a dunƙule kamar doguwar sandar sabulu. Tulin da ya kai rufin rumfa sai ya koma bulo goma sha biyu. Duk wata mota take zuwa ta kwashe, a kai wa masu yin firam ɗin hoto.

Da aka zo neman wanda zai riƙe injin, Ajele ce ta kawo sunan Ashite, tana cikin mata biyar na kwamiti. Shekara biyu ke nan tana jiran ya nuna ya san da haka.

Aikin duka a kan noti ɗaya yake, wanda ke bakin fita. In an ɗaure shi da yawa, soso ya yi zafi ya narke ya shaƙe injin, sai an yini ana sassaƙa. In an sassauta, bulon ya fito yana marmashewa, masu mota su ƙi ɗauka. Wanda ya kafa injin ya bar takarda mai lambobi. Ashite ya ninke ta ya tokare ƙafar benci da ita, ya ce injin da kansa yake faɗin abin da yake so: in kukansa ya yi siriri a sassauta, in ya yi kauri a ɗaure. Ya rataya makullin rumfar a wuya da igiyar taru. Ya kafa dokoki, kuma ba ya duban fuska. Ba a kawo soso jiƙaƙƙe. Ba a kawo shi da ƙayar kifi ko salatif. Babbar doka kuwa kwamiti ne ya rubuta ta: duk wadda aka samu ƙarfenta a cikin injin, gyara a wuyanta, in kuma 'yar kwamiti ce ta bar kujera.

Mata suna layi tun ƙarfe bakwai, kowacce da tulin fasassun akwatuna a ka. Sai ya zo a natse, ya buɗe kwaɗo, ya shafa giris, su kuwa suna jira. Wannan jiran ne albashinsa na gaskiya. Abin da ƙungiya ke ba shi bai kai abin da 'ya'yansa ke aikowa ba. Amma mutumin da ya yi shekara huɗu ba wanda ya tambayi inda yake, yanzu mata talatin ne ke duban hanya saboda shi.

Ya taɓa mayar da Ajele gida da kayanta a gaban kowa. Ya matsa soson da yatsa, ruwa ya tsattsafo, ya ce, "Anti Ajele, wannan ai miya kika kawo mini. Koma ki shanya." Mata suka yi dariya. Ita ma ta yi.

Bayan Lahadin nan ta fara kallon sa da wani ido. Ta ga abubuwan da ta daɗe tana gani ba ta ba su suna ba. Tun bara yake cire takalmi kafin ya tayar da injin, ya tsaya ƙafa tsirara a kan ƙarfen gindinsa, wai zafi ke damun yatsunsa. Tafin hannun hagu kullum yana kwance a cikin injin kamar mai taɓa goshin mara lafiya. In mace ta yi masa magana, bakinta yake kallo. In ta yi daga baya, sai ya ɗaga hannu kawai, alamar yana cikin aiki, kuma an saba cewa Ata ba ya son surutu. Bulon dai yana fita sumul. Wannan ya ba ta haushi fiye da komai, ba ta kuma tsaya ta tambayi kanta dalili ba.

Abin da ta gaya wa kanta shi ne rai take ji wa tsoro. Tsoho kurma a gaban haƙoran ƙarfe, wa zai gani ya yi shiru? Ba ta cika kawo Sowa cikin lissafin ba, mijin 'yarta, wanda mai tasi ya karɓe motar da yake tuƙa masa wata takwas da suka wuce, yake kwance a ɗakin 'yar tata yana cin kifin da Ajele ke aikawa. Sowa ya san inji daidai gwargwado. Tunanin yakan leƙo, ta kore shi, ya koma bakin ƙofa ya zauna.

Hanya mai sauƙi ita ce ta je wurin Awo Korkor, shugabar ƙungiya, ta faɗi abin da ta ji. Amma me ta ji, kuma a ina? Tsotso za ta rantse ba a yi ba, don faɗan cikin ɗaki daban, na waje daban. Sai a ce Ajele ta kasa kunne a bangon maƙwabta tana nema wa surukinta aiki. Magana irin wannan ba a kai ta da baki. Sai dai mutane su gani da idonsu.

Masu sayar da kifi suna da wata ɗabi'a da ba wanda ya koya musu. Mace tana cikin fiɗa, mai saye ya miƙo kuɗi, sai ta soka wuƙar a jikin akwatin soso ta karɓa. Soson yana riƙe wuƙa fiye da kube. Ajele tana da wata tsohuwa da ƙotarta ta daɗe da karyewa, ta naɗe gindin da jar roba, wasawa ta cinye ta har ta koma siririya kamar ganyen albasa. Da ita take fiɗar ƙananan kifi, kuma duk layinsu an san ta.

Ranar Asabar da la'asar tana tattara fasassun akwatuna, ta ga jar robar ta ɗan leƙo daga kusurwar wani mai kauri. Ta tsaya. Daga baya, duk lokacin da ta koma wa wannan tsayuwar, takan ce wa kanta wata mai saye ce ta kira ta, hankalinta ya ɗauke. Gaskiya an kira ta. Sai dai kafin ta juya, babban yatsanta ya sauka a kan jar robar, kuma da ta ɗaga shi babu abin da ke leƙowa.

Ranar Litinin ita ce ta tara a layi. Ashite ya karɓi kayanta, ya matsa nan ya matsa can, ya gyaɗa kai, ya fara zubawa. Ya koma bakin fita ya duƙa a kan notinsa, ya ba layi baya.

Ƙarar ta zo kamar an jefa cokula a cikin farfela. Mata suka watsar da kaya suka yi baya. "Ata! Ata, kashe! Ƙarfe!" Har masu gasa masara a bakin titi suka miƙe. Ashite yana duƙe da sifana a hannu. Ajele ta samu kanta tana ƙirgawa, ɗaya, biyu, uku. A na bakwai ta ga yatsun ƙafarsa sun ƙanƙame ƙarfen da yake tsaye a kai. Ya zabura ya kai wa jan maɓalli mari. Injin ya yi gurnani ya mutu.

Da ya juyo ya ga bakuna talatin a buɗe.

"Ata, ina ka tafi?" in ji wata. "Mun yi ihu har maƙogwaro ya bushe."

"Na ji ku," ya ce. "Jira nake in ga ko zai wuce da kansa."

Ya sallami layi, ya ja ƙofar rumfa. Yini guda ana jin bugun guduma daga ciki.

Talata ba a shiga teku, kasuwa kuma ba ta ci, don haka ranar ake taro. Aka jera bencina a gaban rumfar. Ashite ya zauna a na gaba, ya sa farar riga, yana fuskantar Awo Korkor. Ajele ta zaɓi benci na uku, daidai bayansa.

"Me ka samu a ciki?" in ji Awo Korkor. Tsohuwa ce mai ƙatuwar murya, wadda ta saba ciniki da masu jirgi daga tudu.

"Ƙarfe ne. Ya karya haƙora biyu. Na san mai walda, jibi zai tashi."

"Ƙarfen wa?"

"Ya niƙe, Awo. Ba a gane shi."

Ajele ta gyara zama. Wuƙar ta tafi, babu shaida. Abin da ya rage kawai shi ne ta yi shiru a tashi taro. Ta san da haka sarai, kuma ta buɗe baki. Ba ta miƙe ba, ba ta ɗaga murya ba, ta yi magana kamar mai tambayar farashin gishiri.

"Ata Ashite, makullinka ya faɗi ƙasa."

Bai motsa ba. Wasu mata suka leƙa ƙarƙashin benci, suka ga babu komai, suka dubi Ajele.

"Ata Ashite, rumfa ta kama da wuta," ta ce da wannan muryar dai.

Yana zaune, hannuwa a kan gwiwa, idonsa a kan bakin Awo Korkor yana jiran tambaya ta gaba. Sai ya ga idon tsohuwar ya tsallake kafaɗarsa. Ya juya a hankali. Ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta sunkuya, har ya zo kan wadda ba ta sunkuya ba.

"Ba ya ji, Awo," in ji Ajele. "Jiya haƙoran inji ne. Gobe hannun ɗaya daga cikinmu ne, muna ihu yana ɗaure noti."

Ba a daɗe ana magana ba. Wata ta ce ai bulonsa ba a taɓa dawowa da shi ba. Wata ta ce bulo ba ya mayar da yatsa. Awo Korkor ta matso kusa da shi, ta yi magana da ƙarfi, a rarrabe, irin yadda ake yi wa mai jinya, kuma wannan ne ya sa Tsotso da ke can baya ta tashi ta bar wurin. Ya ciro igiyar daga wuyansa ya miƙa. Aka ce wa za a samu? Ba Ajele ce ta kawo suna ba. Wata ce daban ta ce, "Ba ga Sowa yana zaune ba?" Aka ce Ata ya nuna masa aikin na mako guda, daga nan ya huta, ya yi ƙoƙari.

Ranar ba a ji komai daga ɗakin Ashite ba, ko ƙarar cokali. Ajele ta aika wa 'yarta labari, ta dafa tuwon banku, ta kasa cin rabi.

Rana tana shirin faɗuwa aka ƙwanƙwasa. Ta buɗe ta gan shi tsaye, har yanzu da farar rigar.

"Ata, shigo mana. Ga kujera."

Bai shigo ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani abu naɗe a tsumman giris, ya buɗe a tafin hannunsa. Wuƙar ta lanƙwashe kamar ƙugiya, bakinta ya ɓalle a wuri biyu, amma jar robar tana nan daram.

Ajele ta dubi layin gidan. Mata biyu suna wanki a bakin famfo, ba su kula ba.

"Mantuwa ce," ta ce. "Kowa yana yi. Ka san yadda muke sokawa."

Yana kallon bakinta har ta gama. "Har gindi take shiga in an manta?" ya ce. "Kusurwar da ta fito daga ciki na gani. Ramin a rufe yake."

Ta fara lissafin abin da za a ce in wuƙar nan ta kai hannun Awo Korkor a makon da surukinta ya samu aikin. Kujerar kwamiti ƙaramin abu ce. A kasuwa, mace tana iya tashi daga karaya, amma ba ta tashi daga irin wannan suna.

"Me ya hana ka nunawa ɗazu?"

"Ɗazu da na nuna, ke kin faɗi, ni ma na faɗi. Kunnen dai ba zai dawo ba." Ya faɗe shi ba tare da ɗaci ba, kamar yana bayanin abin da ya lalace a inji. Tun jiya da rana yake da wuƙar a aljihu, ya kwana da ita, ya zauna da ita a taro, ya miƙa makulli da ita a jikinsa. Sai yanzu Ajele ta gane ba haƙuri ne ya rufe masa baki ba.

Ta miƙa hannu. Ya naɗe tsumman a natse, ya mayar aljihu.

"Sowa ya zo jibi, ƙarfe shida da rabi," ya ce. "Makulli ya riƙe, ban damu ba, shi zai tsaya a baki ya zuba, in ya ji wani abu ya kashe. Noti nawa ne. Injin nan ba a koyon sa a mako guda, Anti Ajele, sai ya yi shekara a ƙarƙashina, wataƙila biyu. Ke za ki gaya wa kwamiti haka ranar Talata, maganarki suke ɗauka yanzu." Ya dafa aljihun. "Wannan kuwa zan ajiye miki, kada ta sake ɓata."